KUMBURIN BABBAR JIJIYAR CIKI: A FARKE KO A YI SHAFI?

 

Yau maganarmu a kan wata cuta ce wadda ba ta da suna a bakin mutanenmu. Ba ta da yawa a ƙasar nan kamar zazzaɓi ko tari, amma ran da ta tasar wa mutum ba ta ba shi ko sararin neman mota. Yanzu kuwa da na'urar sikanin ta yawaita a asibitocin garuruwa, a kan gano ta ga dattijon da ya je asibiti don wani abu dabam, ciwon ƙoda ko wahalar fitsari. Sai likita ya ce akwai aiki iri biyu, a je a yi shawara. To, wanda bai san bambancinsu ba, da me zai yi shawarar? Saboda haka kai da ka ke karanta wannan takarda a bencin disfensare, da kai da a ke karanta maka, ku kasa kunne. In ba ta shafe ka ba, watakila ta shafi mahaifinka, ko maigidanki.

A jikin ko wane mutum akwai wata jijiyar jini wadda ta fi ko wace girma, likitoci suna kiranta aworta. Daga zuciya ta ke tasowa, ta lanƙwaso, ta gangaro ta ƙirji, ta shiga ciki tana bin gaban ƙashin baya, tana ba da rassa zuwa hanta da hanji da ƙoda. Daidai wajen cibiya sai ta rabu biyu kamar gwafa, reshe ɗaya ya nufi ƙafar dama, ɗaya ƙafar hagu. Faɗinta ga babban mutum kamar santimita 2 ne, watau misalin kaurin babban yatsanka. Jinin da ke zuwa ƙafafu da mara duk ta nan ya ke bi, da ƙarfi kuwa, gama ko wane bugun zuciya tunkuɗo shi ya ke yi.

Wanda ya taɓa riƙe keke ya san abin da tsohuwar taya kan yi: wani wuri ya raunana, iska ta tura shi, ya yi ƙululu kamar ƙwai. Haka wannan jijiya kan yi. Bangonta ya raunana, jini ya yi ta turinsa shekara da shekaru, har wurin ya buɗe. Idan faɗin ya kai santimita 3, likita ya ce akwai kumburi, da bakinsu aniyurizim. Galibi yana fitowa ne ƙasa da inda rassan ƙoda suka fita, sama da gwafar nan. Ba ya sacewa don kansa, ba kuwa ƙwaya ko jiƙo da zai sace shi. Ƙaruwa ya ke yi a hankali, kamar milimita 2 ko 3 a shekara, ga wani ya fi haka. Yana ƙara faɗi bango yana ƙara tsauri da siranta, har wata rana ya fashe.

Ya fi kama maza waɗanda suka wuce shekara 65. Babban abin da ke kawo shi taba ce, sigari ko lofe duka ɗaya ne, sa'an nan hawan jini, sa'an nan gado: wanda ubansa ko ɗan'uwansa ya yi, shi ma yana cikin hatsari. Mata ba safai su kan yi shi ba, amma nasu ya kan fashe tun bai kai na maza girma ba. Ya fi yawa ga Turawa bisa ga baƙar fata, wannan gaskiya ne, amma kada wani ya ɗauka mu an yi mana tsari. A ƙasashen Afirka a kan gan shi har ga waɗanda ba su tsufa ba, idan ƙanjamau ko tarin fuka ko tunjere suka ci bangon jijiya.

Abin da ya sa cutar ta ke da wuya shi ne yawanci ba ta ciwo. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, bai san kome ba. Wani ya kan ji abu yana bugawa sama da cibiya kamar wata zuciya ta biyu. A nan sai in tsaya in kwantar muku da hankali, don na san daren yau mutane da yawa za su kwanta rigingine suna taɓa ciki. Siririn mutum in ya danna cikinsa lalle zai ji bugu, jijiyarsa ce lafiyayya, don ba teɓa tsakaninta da hannunsa. Abin da a ke dubawa shi ne ƙullutu mai faɗi wanda in an sa yatsu gefe da gefe yana ture su waje da ko wane bugu. Ko shi ɗin ma hannu ba ya yanke hukunci, sai sikanin, irin wanda a ke yi wa mata masu ciki. Ba zafi, ba allura, minti goma an gama. A Ingila, inda aka fara wannan aiki a 2009, a kan aika wa ko wane namiji takardar kira a shekarar da ya cika 65 ya zo a duba shi.

Abu ɗaya na ke roƙonku da babbar murya. Ƙullutun ciki mai bugawa ba ƙaba ba ne, ba saifa ba ne, ba kuwa maruru ba. Kada a kai shi wurin wanzami a yi ƙaho ko sakiya, kada a bar kowa ya yi masa tausa da ƙarfi. Idan kuwa dattijo ya ji azabar ciwo farat ɗaya a ciki ko a baya, gumi ya karyo masa, ya yi fari, jiri ya kwashe shi, to, kada a tsaya ba shi fura ko jiƙo, kada a tsaya a disfensare, a nufi babban asibiti nan take. Cikin mutum 10 da jijiyarsu ta fashe, kamar 8 ba su tashi, da yawansu tun kafin a isa asibiti.

BA KO WANE KUMBURI A KE YI WA AIKI BA

Mai karatu zai ce, ai tun da abin haka ya ke, a yi aiki da zarar an gani mana. A'a. Aikin shi kansa yana kisa, don haka sai an auna hatsari biyu a ga wanda ya fi nauyi. Likitocin Ingila sun gwada wannan, suka ba da labari a 1998: masu ƙaramin kumburi da aka yi wa aiki nan da nan ba su fi waɗanda aka riƙa dubawa da sikanin tsawon rai ba. Kumburin da bai kai santimita 5.5 ba, cikin mutum 100 kamar ɗaya ne nasa kan fashe a shekara. Saboda haka ma'aunin da a ke bi shi ne santimita 5.5 ga namiji, watau misalin faɗin yatsu uku na ƙaton mutum, ga mace kuwa likitoci da yawa sun fi son 5. Haka nan a kan yi aiki in kumburin ya ƙaru da fiye da santimita 1 cikin shekara guda, ko ya fara ciwo. Wanda nasa bai kai ba, aikinsa shi ne ya bar taba, ya riƙe maganin hawan jini, ya riƙa komawa awo a ranar da aka rubuta masa.

HANYA TA FARI: A FARKE A ƊINKA SABO

A dā ba abin da likita zai iya yi sai dabaru. Wani mashahurin masani, Albert Einstein, ya yi wannan cuta. A 1948 likita ya buɗe cikinsa ya naɗe kumburin da 'yar leda mai ƙyalli irin ta jikin kwalin sigari, don naman wurin ya yi tauri. Ya ƙara shekara shida da ɗoriya, a 1955 jijiyar ta fashe, ya ce ba ya son a sake yi masa aiki, ya rasu yana da shekara 76. A tsakanin nan ne, a 1951, wani likita a birnin Faris na Faransa, Charles Dubost, ya fara yanke kumburin ya maye gurbinsa da guntun jijiyar wani mamaci. Jijiyar mamaci ba ta samuwa kullum, ba ta kuma jurewa, sai aka koma ga yadi. Michael DeBakey na Amurka ya sayo yadin Dacron a kanti, ya zauna a keken ɗinkin matarsa ya ɗinka bututu na gwaji. Har yau irin wannan yadi a ke amfani da shi, sai dai yanzu masana'anta ke saƙa shi.

Ga yadda a ke aikin. A kan sa majinyaci barci sarai. A tsaga ciki daga ƙasan ƙahon zuci har ƙasa da cibiya, a kau da hanji gefe guda, a iske jijiya a can ƙurya. Sai a matse ta sama da ƙasa da wani irin awartaki don jini ya tsaya, a farke kumburin, a kwashe gudajin jinin da ya taru ciki, a kawo bututun yadi a ɗinke shi da zare da allura jikin lafiyayyar jijiya, sama da ƙasa. In kumburin ya kai gwafa, a kan sa bututu mai ƙafa biyu kamar wando. Daga nan a lulluɓe shi da tsohon bangon, a saki awartaki, jini ya bi sabuwar hanya. Aikin sa'a uku ne ko huɗu, sau da yawa kuwa sai an yi ƙarin jini, don haka 'yan'uwa su zo da shirin bayarwa.

Babban aiki ne, ba na ɓoye muku. Sa'ad da aka matse jijiya zuciya tana turi kamar mai turin ƙofar da aka kulle, sa'ad da aka saki kuma jini ya kan yi ƙasa farat ɗaya. Tsohuwar zuciya ba ko wace ke jure wannan ba. Huhu da ƙoda su ma suna shan wuya. Bayan aiki majinyaci zai kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, ya yi mako guda ko kwana goma a asibiti, kuma sai ya yi wata biyu ko uku kafin ya iya riƙe fartanya. Wani daga baya ɗinkin cikinsa kan saki ta ciki, hanji ya turo fata, sai an gyara. Akwai kuma abin da dattawa ke jin nauyin tambaya, bari in faɗa musu: wani lokaci aikin ya kan taɓa 'yan jijiyoyin da ke kula da sha'anin iyali. A tambayi likita wannan tun kafin a shiga, ba abin kunya ba ne a wurinsa.

Amma fa in mutum ya haye, galibi ya haye ke nan. Kumburi an farke shi, bututu a ɗinke ya ke, ba inda za shi. Yawancin waɗanda aka yi wa wannan aiki da bututunsu su ke ƙare kwanansu, ba a sake taɓa shi ba, sai dubawa jefi-jefi bayan 'yan shekaru.

HANYA TA BIYU: SHAFI TA CIKI

Tela in riga ta raunana ba kullum ya ke yanke wurin ba, wani lokaci shafi ya ke yi mata ta ciki. Wannan ita ce dabara ta biyu. Wani likita a Kharkiv ta ƙasar Yukren, Nikolai Volodos, shi ya fara yinta a 1987 ga jijiyar ƙirji. A 1990 Juan Parodi na Ajantina ya yi ta ga jijiyar ciki, daga nan ta bazu a duniya.

Ba a buɗe ciki ko kaɗan. A gindin cinya, daidai inda kaluluwa kan fito, jijiyar ƙafa tana kusa da fata. Nan a ke 'yar tsaga ko a huda da allura, dama da hagu. A zura siririyar waya ta cikin jijiya, tana hawa sama, likita yana kallonta a allon hoton ƙashi. A bisa wayar nan a ke tura bututun yadi mai haƙarƙarin ƙarfe, a naɗe kamar laima a cikin kubenta. In ya kai ƙasan rassan ƙoda sai a janye kube, laima ta buɗe, ta manne wa bango, waɗansu 'yan ƙugiyoyi su kama. Sa'an nan a jona masa ƙafafu zuwa rassan nan biyu. Jini ya bi ta cikin shafi, kumburin ya huta da turi.

Sauƙinsa a fili ya ke. Jinin da a ke zubarwa kaɗan ne. Wani ma ba a sa shi barci, sai a kashe wurin da allura. Kashegari yana tafiya da ƙafarsa, kwana biyu ko uku yana gida, mako biyu ko uku ya koma harkokinsa. Duk wanda aka nuna wa tabon farko da na biyu, na biyu zai nuna da yatsa, ni ma ban ga laifinsa ba.

Sai dai ba kowa ya dace da shi ba. Tilas a sami lafiyayyar jijiya tsakanin rassan ƙoda da farkon kumburi, misalin santimita ɗaya da rabi, inda shafin zai kama. Likitoci suna kiran wurin wuya. In wuyan gajere ne, ko ya karkace ƙwarai, ko jijiyoyin ƙafa sun ƙuntata har kayan ba su wucewa, to, shafi na yau da kullum ba zai zauna ba. Hoton siti ne ke nuna wannan, shi ne babban hoton nan da a ke tura mutum cikin zobe. Ruwan da a ke zubawa a jijiya don hoton ya fito kuma ya kan wahal da ƙodar da dā ma ba ta da ƙarfi.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna gaban wannan na'ura yau, ku riƙe ta ko kun manta sauran. Shi shafi ba a ɗinke ya ke ba, a manne ya ke. Kumburin kuma yana nan bai tafi ko'ina ba, jakarsa tana kewaye da shafin. Jijiyar mutum kuwa ba ta daina tsufa don an yi mata aiki. Bayan shekara biyar ko takwas wuyan nan ya kan ƙara faɗi, shafi ya yi sako-sako, ko ya zamo ƙasa, ko mahaɗin ƙafafunsa ya buɗe. Wani lokaci kuma waɗansu ƙananan rassa su kan riƙa mai da jini cikin jakar ta baya. Duk wannan yoyo ne. Wani yoyon ba shi da laifi, ya kan toshe don kansa, a bar shi ana dubawa. Wani kuwa yana cika jakar da jini mai ƙarfi, ta ci gaba da kumbura kamar ba a taɓa yin kome ba, har ta fashe. Mai shi kuwa ba ya jin kome. Yoyon rufin ɗaki kana ganinsa a ƙasa, ka sa kwano. Wannan ba mai ganinsa sai hoto.

Saboda haka wanda aka yi wa shafi ya ɗaura aure da asibiti har ƙarshen ransa. Za a ɗauke shi hoto kamar wata guda bayan aiki, sa'an nan galibi ko wace shekara, siti ko sikanin, a wurin wanda ya san abin da ya ke nema. In an ga mugun yoyo da wuri, yawanci ta gindin cinyar nan a ke komawa a ƙara guntu a toshe. In ba a je ba, ba a gani ba.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Ba da ka na ke wannan magana ba. Daga 1999 zuwa 2004 likitocin Ingila suka tara mutum 1,252 masu babban kumburi, waɗanda ko wane aiki zai yiwu gare su, aka raba su biyu da ƙuri'a. Cikin wata na fari, a ko wane 100 da aka yi wa shafi kusan 2 suka rasu, a ko wane 100 da aka farke kuwa fiye da 4. Nan shafi ya ci, ba gardama. Aka ci gaba da bin su. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai lissafi ya zo daidai, gama tsofaffi ne, ciwon zuciya da sauran cututtuka suna ɗauka ta ko wane gefe. A 2016 aka fito da labarin shekara 15. Daga shekara ta takwas zuwa gaba sai ma'auni ya juya: waɗanda aka farke suka fi tsira, babban dalili kuwa fashewar tsohuwar jakar nan ce, wadda ta kashe mutum 13 cikin masu shafi, 2 kaɗai cikin waɗanda aka farke.

A Amurka an yi irin wannan gwaji da tsofaffin sojoji 881. Su a nasu lissafin na 2019 tsawon rai ya zo kusan ɗaya, amma masu shafi sun fi komawa a sake yi musu aiki. Kuma don a yi adalci, kayan shafin da a ke ƙerawa yanzu sun fi na wancan lokaci kyau. Sai dai ba wanda aka taɓa ƙerawa da ya 'yantar da mai shi daga zuwa hoto.

Su kansu Turawa bakinsu bai zama ɗaya ba. A Amurka yawancin aikin nan ta shafi a ke yinsa. A Ingila kuwa hukumar da ke tsara wa likitoci ƙa'ida ta ce a 2020 a fara ba mutum aikin farkewa in jikinsa zai ɗauka, a ajiye shafi ga wanda farkewa za ta yi masa hatsari. Ku lura fa, wannan gardama ce ta mutanen da na'urar hoto ke kusa da gidajensu, ba su kuwa biyan kome a Ingila in sun je.

To, mu fa? Manomin da ke da tafiyar yini guda zuwa asibitin koyarwa na Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, wanda kuɗin mota da na hoto sai an sayar da akuya, ya tambayi kansa tsakani da Allah: zan iya wannan tafiya bana, da baɗi, da baɗin baɗaɗa, har shekara goma sha biyar, ina kuwa jin kaina garau? Mun san halinmu. Ko maganin tari da a ke bayarwa kyauta, da mutum ya ji sauƙi sai ya daina zuwa karɓa, balle abin da ba ya ciwo. Kayan shafi kuma daga ƙasashen waje a ke sayo su, da tsada ƙwarai, a kan awon mutum, masu iya sa su a ƙasar nan kuwa ba su da yawa.

Ina jan kunnen masu hali musamman, waɗanda 'ya'yansu kan haɗa kuɗi su kai su Indiya ko Masar. Can za a yi wa baba shafi, kwana uku a sallame shi, ya sauka a filin jirgi yana tafiya da ƙafarsa, a yi ta barka. Madalla. Amma tun kafin a sayi tikiti a san wane likita ne a gida zai riƙa dubansa, a wane asibiti, kuma in an ga yoyo ina za a gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. A dawo da takardun aikin duka, da sunan irin shafin da aka sa da awonsa, da hotunan. A adana su kamar takardar gona.

A ganina, mutumin da bai wuce shekara sittin da 'yan kai ba, zuciyarsa da huhunsa lafiya, gidansa nesa da birni, ya dubi farkewa da idon basira, kada girman tabo ya firgita shi. Wuyar wata uku ce, ya huta. Dattijo mai shekara tamanin kuwa, ko mai haki in ya hau tudu, ko wanda aka sha buɗe cikinsa a dā, shi shafi ya fi masa, gama hatsarin da ke gabansa na makon aiki ne, ba na bayan shekara goma ba. Wannan ra'ayina ne na ma'aikacin lafiya, hukunci kuwa na likitan da ya ga hotonka ya kuma auna zuciyarka ne.

Akwai kuma wanda ko wane aiki ba zai amfane shi ba. A Ingila an gwada da mutum kamar 400 waɗanda rauninsu ya hana a farke su, rabi aka yi musu shafi, rabi aka bar su da magani. Shafin ya rage masu mutuwa da fashewa daga baya, amma bai ƙara musu tsawon rai a jimla ba, don sauran cututtukansu sun riga kumburin. In likita ya ce wa iyali a bar tsoho ya huta a gida, kada a ɗauka rowa ce ko raini.

In kuwa jijiya ta riga ta fashe, ba sauran zaɓi a hannun iyali, abin da asibitin ke iyawa a daren nan shi za a yi. A gwajin da aka ba da labarinsa a 2014, ko ta wace hanya aka bi, fiye da mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka iso da rai bai kai wata ba. Ku gwada wannan da 2 ko 4 cikin 100 na aikin da aka shirya a natse.

Ran da ka zauna gaban likita, kada ka sunkuyar da kai kana "to, to" kaɗai. Ka tafi da ɗanka ko ƙanenka mai karatu. Ka tambaya santimita nawa ne kumburin, ka sa a rubuta maka a kati. Ka tambaya ko wuyan jijiyarka zai riƙe shafi. Ka tambaya, cikin ladabi, sau nawa a ke irin wannan aiki a asibitin a shekara, gama an tabbatar inda a ke yinsa da yawa an fi tsira, ko wace hanya ce. Likitan kirki ba ya fushi da wannan tambaya. Sa'an nan ka gaya masa gaskiyar nisan garinku da ƙarfin aljihunka, don shi ba zai gani a hoto ba.

Mu a disfensare ba mu da na'urar hoto, ba mu kuwa yin ko ɗaya daga cikin ayyukan nan. Abin da mu ke iyawa shi ne mu auna maka jini, mu taɓa cikinka, mu rubuta maka takarda zuwa babban asibiti, mu kuma tuna maka ranar komawa in ka kawo mana katinka. Wanda aka sami kumburi gare shi ya gaya wa 'yan'uwansa na ciki ɗaya, musamman maza da suka manyanta, su ma su je sikanin. Taba kuwa a bar ta daga yau, ko an yi aiki ko ba a yi ba, don kumburin mai shan taba ya fi saurin girma, ya fi saurin fashewa, kuma huhun mai taba shi ya fi ba da wahala bayan an sa mutum barci. Ko mako huɗu kafin aiki aka bari, akwai amfani.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan hawan jini da gishirin miya. Mu kwana lafiya.